Matar da ta Sanyaya Ɗakin Takaba

Kullum da safe, kafin 'yan tebur su baza kaya, Malama Habsatu takan gangaro daga tudun unguwarmu ta Highbridge ta shiga jirgin ƙasa. Ba ta da yawan magana, maƙwabta kuwa bakinsu ba ya azumi, sai suka yanke cewa shara take yi a wani ofis.

Ranar walimar ritayarta aka ga hotuna: fararen gidaje a gaɓar Tunisiya da kudancin Sifen, masu tsakar gida da kaurin bango, tagoginsu na fuskantar iskar teku. Ashe ita ke zana su. Barmo mai shago ya saki baki har shayinsa ya huce. A nan ne kuma A'i, mutuniyar Maraɗi, ta ba da wannan labari.

Bara da zafi ya tsananta, A'i na takabar mijinta Yacouba a ƙololuwar bene, ƙarƙashin baƙin rufi, ga na'urar sanyi ta mutu. 'Ya'yanta suka yi roƙon duniya ta koma wani gida, liman ma ya ce lalura ta halatta. Ta ce ko bakin ƙofa ba za ta taka ba.

A makon nan aka gayyaci Habsatu, karo na farko a rayuwarta, ta je ƙasar waje ta ga ɗaya daga cikin gidajen da ta zana. Ta hau benen don ta yi wa A'i sallama, ta tarar da ita a kan darduma tana haki, leɓe a bushe. Tagogi duk a wangale da tsakar rana, yara na ganin iska suke shigowa da ita alhali wuta ce.

"Yaya A'i, ba zan ce ki fita ba," in ji Habsatu, "amma ba yanzu za ki bi Yacouba ba."

Ta ba ta ruwa, ta rufe tagogi, ta rataya jiƙaƙƙun zannuwa. Da rana ta yi sanyi ta buɗe taga da ƙofar da ke kallonta, iska ta ratsa. Washegari ta tasa maza a gaba suka shafe rufin da farin fenti. Da A'i ta dawo hayyacinta ta tambaya, "To avion ɗinki fa, jirgin saman da za ki hau?"

"Ya tashi tun jiya."

Ke ce mai zanen inuwa, Habsatu. Kin tsufa kina tsara wa baƙin da ba ki sani ba wurin hutawa, ba ki taɓa kwana a ko ɗaya ba, kuma ba ki taɓa yi mana gori ba. Wallahi mun ji kunya. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Jama'a, in zafi ya dawo, ku hau bene ku ƙwanƙwasa wa na sama. Albarkacin wadda ta hau, A'i ta fita takaba da ƙafafunta, ba a kafaɗar mutane ba.