Nonon Gidan da Aradu Ta Faɗa

A daminar shekarar da aka ba ƙasarmu mulkin kai, aradu ta faɗa kan rimin da muke ɗaure shanu a ƙauyenmu Dungu, ta kashe mana saniya. Ina amarya a lokacin, tallan nono nake kaiwa kasuwar Tamale, da shi muke ci. Mutanen gari kuwa sun yi imani aradu ɓarawo take bi, kuma ba a taɓa kayan gidan da ta shiga. Washegari na zauna da ƙwaryata har la'asar, ko mai tayawa babu. Matan da muke raba goro da su suka riƙa janye zanensu in na gitta. Abin ya ci min rai, don ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Ana haka sai ga wani malamin sakandare a kan keke, Kirista ne mutumin kudu. Fiziks yake koyarwa, wato ilimin halin abubuwa irin su haske da lantarki. Rimin ya zo gani. Ya kewaya shi, ya shafa ƙunar, ya ce da mijina cikin Hausarsa ta kasuwa, "Maigida, aradu bai san ɓarawo ba. Abin da ya fi tsawo, shi yake nema. Cocinmu ma mun sa masa ƙarfe a kai, ya sha wuta ya kai ƙasa."

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Ticha, ɗakin Allah ma sai an yi masa laya? Ina tawakkalin naku?"

Ya yi dariya. "Uwargida, wanda ya yi aradu, shi ya yi ƙarfe, shi ya ba ƙarfe halinsa. Ni karatun aikinsa nake yi. In na gane kaɗan, in je coci in gode masa."

Na ce to, ya je ya gaya wa kasuwa, don ni ba a jin tawa.

Bai gaya wa kowa komai ba. Ranar kasuwa ya zo cikin farar rigarsa, ya tsuguna gaban ƙwaryata, ya ce in dama masa fura. Ya sha tas ana kallo, yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Haka ya riƙa yi kowace kasuwa. Da aka ga sama ba ta ce masa uffan ba, wata tsohuwar Badagomba, 'yar ƙabilar mutanen garin, ta miƙo kwanonta, sauran suka biyo a hankali.

Bayan kaka na haɗu da matarsa wajen masu doya, na ce ta gaida min babban mai cinikina. Ta riƙe baki ta ce, "Shi? Nono bai karɓe shi ba sam. Duk ranar da ya sha naki, yini yake da ciwon ciki."

Na tsaya da ƙwarya a ka. Har yau in an yi tsawa, shi nake fara yi wa fatan alheri.