Jirgin Tsoho a Kan Taɓo

A gidanmu na Yawuri mace ba ta taɓa gizago. Babanmu jiragen katako yake haɗawa a bakin Kwara, 'ya'yansa maza suna sassaƙa suna buga ƙusa. Ni aikina murza audugar da ake toshe tsaga da ita, in an shiga kogi kuma a miƙo mini ƙoƙo in zauna a tsakiya ina kwashe ruwan da ya shigo. Sai dai ba wanda ya ɗaure mini ido. Duk abin da Baba ya koya wa yayana yana hamma, ni na kwashe shi tas.

A farkon shekarun casa'in na tsinci kaina a Stapleton, wata unguwa a bakin teku a Amurka, ina kula da wani tsohon Bature da ƙafa ta ƙi ɗauka. A bayan gidansa akwai ƙaramin jirgin katako a kife, ciyawa ta rufe gefensa, rana ta busar da shi har kana hango ƙasa ta tsakanin allunan. Shi ya haɗa shi da hannunsa tun yana da ƙarfi. Wata Lahadi ɗansa ya zo, ya shuri jirgin da takalmi, ya ce zai sa zarto ya yayyanka shi a kai bola. Tsohon ya juya fuska bango. Ni ce bakina ya ƙi shiru, na ce a bar mini shi. Ɗan ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in jirgin ya tsaya a kan ruwa kafin sanyi ya shigo to nawa ne, in kuwa ya ƙi, zarto na nan.

Yayana ma a lokacin yana Amurka, agogo da tabarau yake sayarwa a titin Canal Street, a ƙetaren ruwa. Da na hau jirgin fito na tsallaka na gaya masa, har sai da ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ke yanzu Amurka kika zo ki koma warin kifi? Mace da guduma? Me kike so a ce a gida?"

"A ce 'yar Baba ce, Yaya."

"'Yar Baba mai ƙoƙo dai."

Wallahi maganar ta ci ni. Na gyara ɗankwalina na kama hanya.

Duk tsawon zafin shekarar nan, in na gama wa tsoho wanka na ba shi abinci, sai in tura kujerarsa bakin taga in fita da kayan aikinsa. Na kankare tsohon fenti, na cire alluna biyu da suka ruɓe na sa sababbi, na murza auduga a cinyata yadda nake yi ina ƙarama, na cusa a kowace tsaga na bi da kwalta. In ya ga na yi abin da ba irin nasu ba sai ya ƙwanƙwasa gilashi da sanda. In ɗaga masa hannu in ci gaba da abina.

Saura abu ɗaya. A wurinmu jirgin da ya bushe ba a hawansa, sai an loda masa duwatsu an nutsar da shi a bakin kogi ya kwana biyu, katakon ya sha ruwa ya kumbura, tsagogin su matse. Na roƙi Yaya ya kawo motar kayansa. Ya kawo, amma na san kallo ya zo yi. Da la'asar muka sauke jirgin a gaɓa, ruwa ya cika maƙil har bakin duwatsu. Na loda, ya nutse, na ɗaure shi a turke, muka tafi.

Washegari da safe muka dawo. Babu ruwa. Teku ta kwashe kayanta ta koma can nesa, ga jirgina zaune a kan taɓo da duwatsu a cikinsa, rana tana gasa shi. Kwara sau ɗaya a shekara take cika ta janye. Wa ya taɓa gaya mini akwai ruwan da ke tafiya ya dawo sau biyu a yini? Kullum ina hawa jirgin fito daga tashar St. George, ban taɓa lura ba.

Yaya ya yi dariya har ya dafa mota. "To, sarkin ruwa, ruwan ma gudunki ya yi."

Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi kunyar. Na tuɓe takalmi, na tattare zane, na shiga taɓon nan mai wari har gwiwa. Na zubar da duwatsun, na ja jirgin, in faɗi in tashi, har na kai shi inda ruwan ya tsaya, na sake lodawa. Yaya yana tsaye a tudu da takalminsa mai ƙyalli, dariyar ta ƙare. Da na ba tsoho labari sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya riƙe hannuna mai kwalta ya daɗe bai saki ba.

Ranar da na kwashe duwatsun jirgin ya taso, ya tsaya cak a kan ruwa. Ɗan tsoho ya gani da idonsa, ya ɗaga kafaɗa, ya tura kujerar ubansa kusa da gaɓa. Na shiga na zauna a baya, wurin zaman Baba, na ɗauki filafilin tuƙi. Ina shirin turawa sai na ga Yaya yana naɗe ƙafar wando. Shekara da shekaru rabonsa da taka jirgin katako. Ya shigo, ya miƙo hannu zai karɓi filafilin kamar yadda ya saba.

Ruwa kaɗan yana tsatsowa ta gindin sabon allo. Na lalubo gwangwanin tumatir da na tanada, na sa masa a hannun da ya miƙo.

"Zauna a tsakiya, Yaya."

Ya dubi gwangwanin, ya dube ni. Sannan ya zauna, ya fara kwashewa.