Jan Irin da Na Kai wa Kawu Sule

Katsina zuwa Batsari

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, ranar Laraba. Saƙon Kawu Sule ne ya tashe ni, ƙanen mahaifiyata da ke wani ƙauye bayan Zakka. Ruwan farko ya yaudare su a shekarar: an yi shuka, ta tsiro, sai sama ta ɗauke sati uku, shukar ta ƙone. Irin sake shuka kuwa babu, domin 'yan bindiga sun cinna wa rumbunsa wuta tun da rani. Damina ta yi nisa, in ba a samu gero mai saurin nuna ba, gidan ba zai ga sabon hatsi ba.

Mota ta cika tun shida, amma direba ya ƙi tashi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, ni ba na buɗe hanya. Bari wani ya fito daga can mu ga fuskarsa." Sai bakwai saura kwata muka ɗaga. Shingen jami'an tsaro huɗu muka wuce, muka shiga Batsari takwas da minti ashirin.

Abokina Malam Isiyaku, malamin gona, ya miƙo mini irin, tiya shida a ɗan buhu, jajir da maganin ƙwari. Ya ce, "Ka ja musu kunne, ko kaza kada ta ci." Muka karya da koko da ƙosai. Ga masu masara nan a bakin tasha, na dube su, na tuna nauyin kaya a kan babur ɗin da zan hau a gaba, na wuce abina. A lokacin gani nake wayo na yi.

Batsari zuwa Safana

Tara da rabi muka bi ta Runka. Ban taɓa shiga motar da aka yi shiru irin wannan ba. Gonaki dama da hagu duk ciyawa ta cinye su. Can sai shanu suka ɓullo daga daji, direba ya taka birki, matar da ke bayana ta kama salati. Ashe wani tsoho ne da sandarsa, har ya ɗaga mana hannu. Sha ɗaya da minti goma muka sauka Safana.

Safana zuwa ƙauye

Ɗan acaba ɗaya ne ya yarda ya kai ni, Haruna, shi ma sai da na ambaci sunan Kawu. Ya ɗaure buhun a kan tanki, ya ce, "In na ce sauka, ka sauka ka shige ciyawa, kada ka tambaye ni mi ne ne." Muka ratsa Zakka, muka tura babur a yashin wani rafi da ya kamata a ce ya kawo ruwa. Ƙarfe ɗaya muka isa.

Kawu ya rame har na so in kasa gane shi. Muka gaisa, ya tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa wa matarsa, Inna Mairo, buhun, na faɗa mata maganar magani, ta ce ta ji. Ruwa kawai aka kawo mini, ni kuwa ban lura ba. Jikokinsu mata biyu suna kwance a kan tabarma da rana tsaka, wannan ma ban lura ba.

Bayan azahar Kawu ya ja ni gonar bayan gida. Ta daji sun bar ta, ba mai iya zuwa. Ya haƙa ramuka jere, kowanne da ɗan taki a ciki, don ko yayyafi aka yi ya taru a gindin shuka. Yana cikin nuna mini sai muka ji daka daga cikin gida. Kawu ya tsaya cak. Ya ce, "Ɗanlami, kwana biyu ba a sa taɓarya a turmin gidan ga ba. Mi ka kawo ban da iri?"

Ban san na iya gudu haka ba. Na tarar da Inna tana daka, ga ƙwarya gefe da jan ruwa, ga tukunya a kan murhu. Na riƙe taɓaryar.

"Inna, guba ce! Sun ci?"

"Ba su ci ba. Sau uku na wanke shi, Malam, dubi, ya yi fari. Tiya guda kawai na ɗiba."

"Ko sau goma kika wanke, ya riga ya shiga ƙwayar."

Ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba. "To mi zan ba ɗiyan ga? Tun jiya ganyen tafasa suke ci ba ƙuli. Ka zo da hatsi cikin gida ka ce a zuba mishi ido?"

Kunya da tsoro suka rufe ni. Kawu ya kwashe abin da ke turmin, ya haƙa rami mai zurfi ya rufe. Haruna na jirana a ƙofar gida, na ba shi abin da ke aljihuna ban da kuɗin mota, ya koma Zakka ya auno masara. Sannan Kawu ya ɗauki buhun ya ce, "Yau za a binne shi. Ba ya kwana a ɗakin ga." Na ce ƙasa a bushe take, in ruwa ya yi jinkiri an yi asarar irin ke nan. Ya ce ya sani. Ni da shi da Inna, mu uku muka bi ramukan nan har magariba, ba mu bar ƙwaya ɗaya ba. A zaure na kwana.

Komawa

Bakwai na safe Haruna ya ɗauke ni, sama tas ba gajimare. Daga Safana na bi ta Dutsinma, na isa gida biyu da kwata. Na gode wa Allah da Ya tsare hanya, na gode wa Malam Isiyaku da Haruna.

Kwana huɗu ina fita tsakar gida ina duban sama. A na biyar Haruna ya kira ni: an yi ruwa, ramukan sun cika. Na tambayi yaran, ya ce suna wasa. Da kaka ta yi geron ya nuna, har an aiko mini da dami. Amma har yau, in maƙwabciyarmu ta fara daka da rana, sai na ajiye abin da ke hannuna.