Ranar da Layinmu Ya Yi Mini Shara

Mun tashi daga Tamale ana sallame sallar asuba, ni da wani abokin aikina Badagombe da ke riƙe mana kyamara. Masu bibiyata sun san 'yar ƙungiyar da nake yi wa aiki: dashen itatuwa, gyaran magudanan ruwa, sai kuma roƙon masu hannu da shuni na ƙasashen waje, wanda shi ya fi cin lokaci. Wannan karon wata gidauniya ce ta buɗe tallafi ga unguwannin da sauyin yanayi ke jawo wa ambaliya a ƙasashe masu tasowa. Sharaɗinsu bai da wuya a baki: su ga matsalar a hoto, su kuma ji ta daga bakin masu ita. Ina karantawa na ce ai ba sai na je nesa ba. Layinmu na Zangon Kumasi, inda aka haife ni, kwatarsa ta daɗe a toshe, kuma ɗakin Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifina, shi ne a gangare. Duk ruwan da aka yi a unguwar, wurinta yake kwana.

Kwana uku kafin mu taso na buga mata waya na ce ina tafe da baƙo, zai ɗauki hoton layi. Ku riƙe wannan, don a nan na tafka kuskurena.

Abokin tafiyar tawa tun kafin mu fita gari ya jingina kai da gilashi, bai sake motsi ba sai Kintampo. Na zauna ni kaɗai da titi. A Buipe mata suka yanyame motar da soyayyen kifi, na taya ɗaya, kuɗin da aka faɗa mini ya sa na tuna ashe ba na jin yunwa. Daga nan sai buhunan gawayi jere a bakin hanya, tsibi bayan tsibi, kowane buhu wata bishiya ce da muka taɓa rubuta wa Turawa cewa za mu kare. A Kintampo na ci soyayyar doya da yaji a tsaye. Muna wuce Techiman ƙasa ta fara yin kore shar, iska ta yi nauyi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga, sai na ji kewar mahaifina ta taso mini. Babu wanda zan faɗa wa, sai na gyara mayafi.

Kumasi ta tarbe mu da ƙarar guduma a Suame Magazine, inda makanikai suka cika gari da gawarwakin motoci. Cunkoson wurin ya ci mu har azahar. Daga tasha muka hau pragya, wato Keke Napep ɗinsu, zuwa Zango.

Da muka karya kwanar layinmu sai da na sa mai keken ya tsaya, na ɗauka ɓata muka yi. Kwatar da na sani cike da ledojin fiya wata, baƙi ƙirin, tana wari tun daga bakin titi, ga ta an yashe ta tas har ana ganin siminti. An share gaban kowane gida. Har farar ƙasa aka shafa wa duwatsun bakin hanya. Shugaban matasan layin ya taho yana washe baki, hannunsa duk kanta.

"Madam, akwaaba, sannu da zuwa! Kin ga gota ya yi fes? Tun shekaranjiya muna kai. Aboboya, keken shara, ya kwashe bola duka, ko leda ɗaya ba mu bari ba."

Abokin aikina ya dube ni, ya dubi kyamararsa, ya mayar da ita jaka.

Gwaggo na same ta a ƙofar ɗaki cikin leshin sallarta. Bangon da na sani da zanen ruwa har gwiwa an mulke shi da sabon fenti. Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, ai dattin muka zo ɗauka." Ta kalle ni kamar na yi saɓo. "Ke kika ce za ki kawo baƙo. Sai ya tarar da mu cikin ƙazanta?"

Na ce to a yi ta baki. Muka zaunar da ita a kujera, aka kunna kyamara, na tambaye ta yadda damina take yi musu. Ta gyara ɗankwali ta ce ruwa rahama ne, su dai sai godiya. Na yi mata ido, na yi gyaran murya, na sake tambaya ta wata hanya. Ta ce Zango zaman lafiya ake, maƙwabta na kirki. Dattawan da muka tambaya bayanta duk layi ɗaya suka bi, kamar sun haɗa baki, alhali ba su haɗa ba. Haka aka tarbiyyantar da su: ba a kai kukan gida gaban wanda ba na gida ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yamma ta yi Gwaggo ta ce an kama mana masauki a unguwar Kwadaso, wai ɗakinta bai dace da ni ba. Ɗakin da na yi rarrafe a cikinsa. Washegari na ci wake da shinkafa a tashar Sofoline, ni kaɗai a kan benci, sannan na koma Zango na zaga da ƙafa. Gidanmu 'yan haya ne a ciki, ba wanda ya san sunan mai gidan na farko. Ƙawayena wata tana Accra, wata aure ya kai ta Jamus, wata ta riga mu gidan gaskiya. Mai kokon da na sani ta bar wa 'yarta tukunya, ita kuwa 'yar da Turanci ta tambaye ni me zan saya. Na amsa da Hausa, ta ci gaba da Turancinta. A nan na gane sharar nan ba don abokin aikina kaɗai aka yi ta ba.

Ranar da za mu juya na je sallama. Gwaggo ta ba abokin aikina goro ta ce ya jira a waje, ta ja hannuna zuwa uwar ɗaki, ta saki labule. Gadonta na ƙarfe an ƙara masa tsawon ƙafafu a wurin masu walda, ya kai mini ƙirji. Ga turmi a kife, shi take takawa ta hau, da ciwon gwiwarta. Fentin bai iso nan ba, bangon ya kumbura yana zubar da gari. Can sama a jikin azara ta rataye wata leda ɗaure tamau. Na tambaya, ta ce likkafaninta ne da ta sayo a Makka. "Ruwa ya taɓa jiƙa mini shi. Na ce ba zai ƙara ba."

Wallahi hoto ɗaya na ɗakin nan ya fi duk abin da zan rubuta. Hannuna ya tafi jaka da kansa. Ta riƙe wuyan hannun, ba da ƙarfi ba.

"'Yar yayana na nuna wa. Ban nuna wa ofis ba."

Tun da na sauka garin, sai a lokacin wani ya ɗauke ni ta gida. Na bar wayar inda take. Na zauna a kan turmin na yi kukana, ita tana yi mini faɗa wai zan ɓata kwalli.

Mun iso Tamale gab da magariba. Takardar neman tallafin na tura ta da hotunan kwata mai sheƙi da dogon bayanin dalilin sheƙin, kuma ban yaudari kaina cewa za ta yi nasara ba. Tafiyar ta koya mini cewa masu ba da tallafi sai sun ga rauni suke yarda, mutanenmu kuma rufe shi suke yi kafin su buɗe ƙofa, ni ce a tsakiya ba kowa a gefena. In za ku nema wa unguwarku irin wannan, ku ɗauki hotonku da kanku ranar da ruwan ya sauka, kada ku jira baƙo.

Jiya na ji an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kumasi, na kira ta. Ta ce yayyafi ne kawai, in kwantar da hankalina. A bayan muryarta ina jin ƙwarya tana kankarar siminti, ana watsa ruwa waje, a sake kankara. Na ce, "Gwaggo, wa ke kwasar ruwa?"

Na ji numfashinta na fita sama-sama. Sannan ta ce, "Bari in ajiye wayar nan, hannu ɗaya ba ya yi mini."