Rediyon Yaya Sabi'u a Gonar Gyaɗa

Ranar Talata ce, lokacin cirar gyaɗa. Da hantsi muka isa gonarmu, bayan wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Ni ce, da 'yata Ummi a goye, da Inna mahaifiyarmu, da yayana Sabi'u. Mu biyu kaɗai ta haifa. Inna na fama da ciwon ƙafa, don haka a gindin ɗorawa ta zauna tana tsinkar gyaɗa.

Yaya Sabi'u ba ya zuwa gona sai da rediyonsa. A kasuwar Babura ya saye shi. Ba a sa masa batir. Faranti ne a bayansa mai shan rana, da ɗan gilashi a gaba mai nuna lambar tasha. Ya kife kwano, ya ɗora shi a kai yana fuskantar rana, ya zaro eriya, muka kama aiki.

Gab da azahar muka ji ƙarar mashina, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi daga wajen gari, ɗai-ɗai, daga baya ba ƙaƙƙautawa. Hayaƙi ya tashi ta wajen rumbuna.

Yaya ya ce, "Ku shiga cikin dawa."

Ya goya Inna, na bi shi da gudu. A tsakiyar gonar dawar maƙwabcinmu akwai wani kwari da ruwa ya zaizaye. Nan ya sauke ta, muka kwanta rubda ciki. Sai a lokacin muka lura rediyon yana can kan kwano yana ta magana, kuma ba shi da nisa da mu. Mashina biyu sun bar hanya, sun nufo muryar.

Yaya ya dubi Inna, ya dube ni.

"Kada ku ɗaga kai, ko me kuka ji."

Inna ta kama bakin rigarsa, ya zame. Ta tsakanin karan dawa na hango shi ya suri rediyon, ya ƙure murya, ya yi gabas da gudu. Mashinan suka karkata suka bi shi. Muryar tana nisa, tana nisa. Aka yi harbi biyu. Muryar ta tsaya wuri ɗaya, amma ba ta yi shiru ba.

Shirin gaishe-gaishe ake yi. Wata mata ta bugo waya tana gaida 'yan'uwanta na Roni, mai gabatarwa yana dariya. Ummi ta motsa za ta yi kuka, na cusa mata nono a baki, na riƙe kanta. Cinnaku suna cizona a cinya, ban motsa ba. Leɓunan Inna kaɗai ke motsi.

Takun sawu ya zo bakin gonar.

Ɗaya daga cikin maharan ya ce, "Ku duba cikin dawar nan!"

Wani daga nesa ya ce, "Bar su, shanu sun yi gaba!"

Sawun ya koma. Muna kwance aka karanta labarai. Muna kwance tashar ta sa kiran sallar la'asar. Ina ta gaya wa kaina, tunda rediyon na magana, wataƙila shi ma yana kwance yana jira kamar mu.

Da rana ta yi sanyi, ƙarar mashina ta ɗauke. Na miƙe zan nufi muryar. Inna ta damƙe wuyan hannuna.

"Ba can ba. Kina da goyo."

Na karya mata kara ta dogara, ɗaya hannun a kafaɗata. Muka bi ta cikin duwatsu, ba mu hau hanya ba. Takalmina ɗaya ya tsinke, na yar da ɗayan. Har muka haye tudu ina jin rediyon a bayanmu. Da magariba wani mai amalanke da ya kwaso iyalinsa ya matsa mana wuri, ya kai mu bakin titi. Washegari muka isa Kazaure, gidan Gwaggo Larai, ƙanwar babanmu.

A ranar mazan garinmu suka koma tare da jami'an tsaro. Sun same shi a bakin wata gonar gero, a kife. A can suka binne shi tare da sauran waɗanda aka kashe. Ba mu gan shi ba.

Har yanzu muna Kazaure. Kwanan baya wata maƙwabciya ta shigo gaida Inna, a cikin hira ta tambaye ta 'ya'yanta nawa. Inna ta ce biyu. Ina zaune a wurin, ban gyara mata ba.