Tsarabar Bakin Teku

Jiya yayana ya sake ɗora hotunan nan: motocinsu jif-jif a kan wani dutse da ya kutsa cikin teku, ga tantuna, ga hayaƙin gashi. Sai na tuna Baba.

Ranar tafiyar, Yaya ya shigo zaurenmu na unguwar Madabo yin sallama. Baba, direban da ya shekara talatin yana kwana ƙarƙashin tirela, yana murza man zafi a gwiwa. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Na gina maka ɗaki, kai kuma yashi kake marmari? Allah ya kiyaye hanya."

Wurin babu sabis. Sai bayan sadakar ukun Baba Yaya ya dawo, riƙe da tsarabar busasshen kifi.

Allah ya sanyaya makwancinka, Baba. Yaya kuwa ya yi ta ɗora hotunansa.