Dawar da Kakana Ya Ƙi Ci

Shekara tara ke nan da rasuwar kakana Ishaku, wanda tsofaffin ƙauyenmu ba su taɓa daina kira Barmo ba, sunansa na tun kafin baftisma. A wurina dai ba ranar da ya rasu abin ya fara ba. Ya fara ne da ƙarfe huɗu na yammacin wata Talata, dawa ta fara nuna, sa'ad da rana ta dushe alhali babu hadari.

Ina da shekara goma sha uku a lokacin. Ina zaune a rumfar da aka kafa tsakiyar gona, igiyar gwangwanayen korar tsuntsu a hannuna, littafin makaranta a cinyata. Na fara jin ƙara kamar ruwa yana dukan kwano, na ɗaga kai, sai ga tsuntsayen jan baki, masu cin dawa, sun rufe sama. Suka sauka a gonar maƙwabcinmu Malam Sule. Kafin magariba babu ƙwaya ko ɗaya a zangarniyarsa. Damina biyu kafin wannan ruwa ya ɗauke da wuri, don haka babu wanda yake da tsohon hatsi a rumbu.

Ƙauyenmu yana gefen Shanono, gona jikin gona, gidajen Kirista ƙalilan a tsakanin 'yan'uwanmu Musulmi. Kaka Bamaguje aka haife shi. Yana saurayi ya karɓi bishara, ya tsufa yana dattijon ikilisiya. Ban taɓa jin ya ambaci abin da mahaifinsa yake yi wa iskokin gona ba. Amma washegarin zuwan tsuntsayen da safe na nemi jan zakaranmu na rasa, da na isa gona kuma na tarar da jini a saiwar tsamiyar kan iyaka, an manna gashin zakara a jiki.

Da yamma tsuntsayen suka dawo. Ban ja igiya ba, hannuna ya mutu. Da suka iso kan gonarmu suka rabu biyu, wasu gabas wasu yamma, suka sake haɗewa a bayanta. Haka suka riƙa yi har suka bar yankin. Na karanta abubuwa da yawa game da tsuntsaye tun daga nan, ban sami abin da ya gamsar da ni ba. Ba na cewa ga dalili. Abin da idona ya gani nake faɗa.

Babu wanda ya kai ƙarar Kaka. Shi ya miƙe a majami'a ranar Lahadi da ƙafarsa ya faɗi cewa shi ya yanka wa iskokin gona zakaran. Dattawa suka sa shi horo: zai koma bencin ƙarshe na bakin ƙofa, ba zai ci jibin Ubangiji, gurasar tarayyar masu bi, ba sai ranar Kirsimeti. Aka yanke dawa, Baba ya ware 'yan dammuna don girkin gida, Kaka ya zuba sauran a rumbu ya liƙe bakinsa da laka. Ranar sujadar godiya kowa ya zo da ɗan abin da ya tsira. Mai rumbu cike shi kaɗai ya zo hannu wofi.

"Ban san wanda ya ba ni ba," abin da ya ce wa Baba ke nan. "Ba zan kai wa Allah ba, ba zan kai bakina ba."

Ni nake kai masa abinci, don akwai wasa tsakaninmu.

"Amarya, tuwon nan na wace dawa ne?"

"Ta kasuwa ce, Kaka."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau. Kina yi idonki na neman ƙasa."

"To mijin da ba ya cin tuwona, ai sai in sake wani."

"Je ki mana. Wa zai kwashi mace mai karatu har a bakin murhu?"

Ya yi dariya, ya turo mini kwanon da bayan hannu. Kunun da matar Malam Sule take aiko masa, daga ɗan geron da suka samu, shi ne kawai abin da yake sha.

Muka shiga makonnin jiran haihuwar Almasihu. Kowace Lahadi pasto yana wa'azi a kan alherin Allah, cewa kyauta ce, ba a sayenta da aiki, ba a biyanta da wahala. Ni kuwa sai in waiga in ga Kaka a bakin ƙofa, rigarsa ta yi masa yawa. Da la'asar yakan zauna ya fuskanci rumbun. Na lura kaji ba sa kiwo a gindinsa. Ko kurciya ban ga ta sauka a kan jinkarsa ba. Ban gaya wa kowa ba, ba ni da bakin faɗa a lokacin.

Ciwon ƙirji ya same shi a jikin da babu ƙarfi. Ya rasu saura mako ɗaya Kirsimeti. A wurin jana'iza na ji wata mata ta ce wa ta kusa da ita, "Cikin horo fa ya tafi." Maganar nan ce ta bi ni makarantar kwana, ta biyo ni har jami'a. Da bazara, yunwa ta tsananta, Baba ya fasa lakar rumbun ya raba wa gari dawar. Malam Sule ya yi bisimilla ya karɓa. Kowa ya ci, babu abin da ya sami kowa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wasu gonakin yankinmu ba tsuntsu ke hana girbinsu ba, tsoron masu bindiga ne. A Rijiyar Zaki, inda nake haya saboda karatu, na ga masu zuwa sujada suna sayen 'yar kwalbar mai da aka ce tana kare mutum. Ina jin Kaka zai gane wannan cinikin da kallo ɗaya, kuma ba zai yi musu dariya ba. Ya san abin da tsoro yake sa mai bi ya yi. Abin da ya bar mini shi ne gaskiyar mutumin da ya tona kansa ba a tambaye shi ba. Ya kuma bar mini fargaba, cewa wataƙila Allah yana da ranar rufe ƙofa, kuma kakana ya makara da mako ɗaya.

Farkon watan nan na je Rimin Gado wurin Mama Rifkatu, matar marigayi pastonmu na wancan lokacin. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na zauna ina taya ta. Na fara da tambayar wanda ya tsare gonar.

"Ban sani ba," ta ce. "Wanda ya ce miki ya sani, kada ki yarda. Na dai ci, 'ya'yana sun ci."

"Kaka fa, Mama? Bai kai ranar ba."

Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Ke yarinya, wace rana? Mu muka sa ranar nan. Kina tsammani Allah yana jiran dattawa su zauna taro kafin ya yi wa mutum alheri? Sa'ad da aka haifi Yesu, babu mutum ɗaya a duniyar nan da ya gama gyara halinsa, haka ya zo. An karɓi kakanki tun kafin ya miƙe a gabanmu, shi ya sa ma ya iya miƙewa. Shi ne dai bai sani ba, mu kuma muna kallonsa yana ramewa, ba wanda ya taka zuwa bakin ƙofa ya gaya masa."